Zoben Albasa a Cikin Kula

Asabar, 4 ga Oktoba

"Ki riƙe ta a tsaye, Dakta, kada ki karkatar. Kuma kada ki tsaya ko'ina a hanya."

Baba ke nan a bakin ƙofar kicin, yana miƙo mini kula naɗe cikin tawul kamar jaririn da aka gama yi wa wanka. Gaban rigarsa duk fulawa. Na karɓa ina danne dariya.

Bari in rubuta yadda muka zo nan, saboda nan da shekara goma ni kaina ba zan yarda ba. Mako bakwai ke nan da aka yi wa Mama aikin gwiwa. Ranar da aka sallame ta, tana bayan mota da ƙafa a miƙe, ko ƙofar asibitin ba mu gama fita ba Baba ya waiwaya ya tambaye ta me za a ci da rana. Abin da ya fi ba ni haushi, ba da mugunta ya yi ba, da zuciya ɗaya ya tambaya. Mama ta ce in juya mota zuwa gidana. Mako biyu aka ce za ta yi. Har yau tana ɗakin karatuna, a bene hawa na biyu, mace mai sabuwar gwiwa, ga gidan mijinta can ko matakala ɗaya babu.

Yaya, da yake yana nesa kuma sulhu ta waya ba ya sa gumi, ya matsa mata sai ta faɗi abin da take so. Ta ce a shekara arba'in da ɗaya na aure abu ɗaya ta ci ta ji daɗinsa har ranta: zoben albasar ɗakin cin abincin asibiti, mai ƙaras-ƙaras, don wani ne ya soya ya kawo mata tana zaune. Ta ce ranar da babanku ya yi irinsa, a zo a yi maganar komawa. Kowa ya gane gatse ne. Ban da Baba, tsohon sufeton makarantu. Shi ji ya yi an ba shi jarrabawa.

Tsoron tafasasshen mai yake, sai ya zaro injin suya da iska da Yaya ya aiko wa Mama shekara biyu da suka wuce, wanda ko daga kwali ba ta fitar ba. Bokitin lantarki take ce masa.

Minti arba'in ne daga gidansa zuwa nawa. Na buɗe kular a gabanta. Ta ɗaga zobe ɗaya da yatsu biyu, ya langaɓe kamar robar ɗaure gashi da ta kwana a ruwa.

"Ki ce masa ya yi laushi."

Na san dalili. Tun yana murɗa murfin na sani. Ka zuba abu mai zafi ka rufe ruf, tururi ya rasa inda zai bi, dole ya koma cikin abin da ya fito. Ko ɗalibaina 'yan shekarar farko a jami'a ba na ɓata lokacina ina koya musu wannan.

Ba zan faɗa masa ba.

Lahadi, 5 ga Oktoba

Na isar da hukunci ta waya. Ya ce laushi kamar yaya, in a kan goma ne nawa ta ba shi. Na ce ba ta ba da maki ba. Ya ce malamin da ba ya ba da maki ba ya son ɗalibi ya gyara. Ina jin ƙarar takarda. Ya buɗe wa albasa littafi.

Ina aji biyar na kawo masa casa'in da takwas a lissafi. Ya daɗe yana duban takardar, sannan ya zare jan biro daga aljihu ya zagaye maki biyun da na rasa, ya ce in zo in yi bayani. Na yi digiri uku tun daga lokacin. Dakta yake kirana, amma da wata murya, kamar yana karanta sunan a jikin ambulan da aka kawo gidan da ba shi ba.

Talata, 7 ga Oktoba

Kula ta biyu. Laushi. Ya ƙara minti uku, sun ƙone kuma sun yi laushi, wanda ni kaina ban san za a iya haɗawa ba.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Na tashi daga aiki da wuri, na tarar bai gama ba, dole na zauna a kan kujerar Mama ta kicin ina kallo. Da na san haka ne da na taho da ɗalibaina.

Da rula yake yanka albasa. Rular katako ta ofis, wadda yara da yawa suka san ta a bayan hannunsu. Santimita ɗaya kowane zobe, wanda ya kauce ya faɗi jarrabawa, kwandon shara. Kwano uku a jere: fulawa da gishiri, kaɗaɗɗen ƙwai, garin busasshen burodi. Da hannu ɗaya yake bin duka ukun, kafin ya yi zobe biyar yatsunsa sun fi albasar samun riga. Idanunsa na zuba. Ya ce iskar injin ce. Ko kunna injin bai yi ba.

Amma ya karanta littafin injin tun daga bango har bango, wannan kam ba a raba shi da shi. Ya gano cewa sai an bar shi ya yi zafi kafin a zuba, ba a tula su kan juna, jeri ɗaya ake yi da 'yar tazara don iska ta zaga, a fesa mai kaɗan, digiri ɗari da casa'in, minti goma, a juya a tsakiya. Yana tsaye a kansa da agogon hannu kamar mai tsaron ɗakin jarrabawa.

Da ya jawo kwandon, gaskiya sun yi kyau. Ja-ja-ja, suna wata 'yar ƙara idan suka gogi juna. Ban faɗa ba. Shi ma bai ɗanɗana ba, wai ba nasa ba ne. Ni ma bai ce in ɗanɗana ba.

Sai ya kwashe su da sauri, suna tururi, ya zuba a kula, ya murɗa murfi da ƙarfinsa duka, ya naɗe da tawul. Ya ce abinci ba ya zuwa gaban mutum a huce, rashin mutunci ne. Ai na sani. Shekara arba'in da ɗaya haka ake kai masa. Na taɓa ganin ya mayar da faranti kicin don ya sa bayan yatsa ya ji ba zafi, Mama ta tashi daga nata cin ta sake ɗumamawa. Abu ɗaya tak ya sani game da abinci, kuma shi ne yake kashe shi.

A hanya ina jin su suna mutuwa a kujerar gefe.

Asabar, 11 ga Oktoba

Yaya ya kira. Minti ashirin a kan muhimmancin haƙuri, daga mutumin da rabonsa da gidan nan tun kafin a sake fentin falo. Ya ce ke da kike kusa ki riƙa sa baki, ki taimaka wa tsoho. Na ce ni ce motar. Ya ce bakina ya cika kaifi, shi ya sa. Bai ƙarasa ba. Ba ya ƙarasawa, ya san na san ƙarshen: zamana babu aure.

Litinin, 13 ga Oktoba

Mama ta juya mini kicin. Da sandar tafiyarta take nuna inda komai zai koma, ni kuma ina bi kamar sabuwar 'yar aiki. Wai cokulana sun yi nisa da tukwane. Littattafaina na ɗakin karatu sun zama matashin ƙafa.

Ya kamata in ji haushi. Sai dai idan na dawo yanzu, tun daga matakala nake jin rediyo. Da safe muna shan shayi tana ba ni labarin maƙwabtana, waɗanda shekara shida ina zaune da su ban san fuskokinsu ba, ita kuwa daga taga ta gama da kowa. Jiya ta yi dariya har ta riƙe gwiwa. Ban taɓa jin ta yi irin wannan dariyar a wancan gidan ba.

Hujja ce kawai nake rubutawa. Ta fi samun lafiya a nan.

Laraba, 15 ga Oktoba

Ya je asibiti. Lafiyarsa ƙalau. Ya shiga motar haya, ya je ɗakin cin abincin, ya bi layi, ya roƙi a kira masa mai dafa abinci. Mutumin da shugabannin makarantu ke share fili tun asuba idan an ce zai zo, yau shi ne tsaye a bakin tagar miƙo faranti da littafi a hannu, wani mai hular leda yana yi masa darasi.

Ya karanta mini abin da ya samo kamar sakamakon bincike. A jiƙa zobban a ruwan sanyi. A cire wata siririyar yana da ke manne a cikin kowane zobe, ita ce ke sa riga ta zame. A tsane su da tawul sosai. Hannu ɗaya na busassun kaya, ɗaya na ƙwai. Bayan an gama shafawa a sa a firji minti goma sha biyar kafin su shiga inji.

Na ce sannu da ƙoƙari. A raina na ce akwai wata da ta san duk wannan tana kwana a ɗaki ɗaya da kai tun kafin a haife ni, ba ka taɓa tambayarta ko yadda ake kunna murhu ba.

Na ga yana cire yanar da farce, ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga tabarau saman goshi ya kawo albasar dab da ido. Akwai ƙuna a wuyan hannunsa, jan layi, shatin bakin kwando. Ya ja hannun riga ya rufe.

Mai dafa abincin bai ce masa komai a kan kula ba. Ina zai sani? Shi daga wuta sai faranti.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Laushi, in ji ta. Amma ta ci uku. Na ƙirga.

Asabar, 18 ga Oktoba

Yau ya tambaye ni.

Yana goge tebur, bai dube ni ba. Ya ce ya bi komai, ya sake bi, a nan suna fitowa daidai, ya rasa inda kuskuren yake. Sannan ya ce, "Ke da kika karanta kimiyya, me kike gani?"

Shekarata talatin da takwas. Ya yi mini tambayoyi dubu, kowacce ya riga ya san amsarta, jira kawai yake ya ga ko zan faɗi. Wannan ce ta farko da bai sani ba. Kular tana nan a kan tebur tsakaninmu, da tawul ɗinta.

Na ce wataƙila irin albasar ce.

Ya gyaɗa kai, ya rubuta. Ya ja layi biyu a ƙarƙashi.

Na yi zaton zan fi jin daɗi.

Litinin, 20 ga Oktoba

Ya sayo fara, ya sayo ja, ya sayo wata mai ruwan ƙasa. Kula uku, kowacce da takarda manne a murfi. Motata warin albasa take har cikin kujeru, wata abokiyar aikina ta shiga ta tambaya ko na fara sana'a.

Talata, 21 ga Oktoba

Ina wanke kulolin jiya, Mama tana zaune tana motsa ƙafa yadda likita ya ce, goma sama goma ƙasa. Na ce, da wasa, gobe kuma sai mu ga ko zai gwada da tafarnuwa.

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Murfin ne."

Na ce na'am?

"Murfin ne, Auta. Tun ranar farko. Kina tsammanin na yi shekara arba'in ina suya ban san abin da tururi ke yi ba?"

Na ce to me ya hana ta faɗa. Ta ce ita ba ta magana da shi, kowa ya sani, ni ce nake shiga kicin ɗinsa kullum ina fitowa. Ta ce jira take ta ga ranar da zan faɗa masa, sai ga shi an kawo mata albasa kala uku.

Na fara kawo hujjoji. Ina da su da yawa, a jere, na fara daga faranti mai sanyi. Ta ɗaga hannu. Ta ce faɗanta da mijinta nata ne, ta san inda ta fara shi kuma ta san inda za ta ajiye shi. Ita ba albasa take jira ba. So take ta zauna, mutumin nan ya fito daga kicin da faranti a hannunsa ya ajiye a gabanta, sau ɗaya kafin ɗayansu ya mutu. Abincin aike kuwa ko ya yi ƙara kamar gilashi ba za ta ce ya yi ba.

Sannan ta ce, tana ci gaba da ɗaga ƙafa, "Kada ki rama maki biyunki da aurena. Jan biron nan, duk cikinku ke kika gaje shi."

Na ce ruwa ya ƙare a tulun shayi, na fita.

Laraba, 22 ga Oktoba

Ban je ba. Na gyara takardun ɗalibai sittin. Da baƙin biro, don jan ya ƙare, ba don komai ba.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Ya kira da la'asar, wai kula tana jira. Na ce aiki ya riƙe ni. Ya ce ba komai, zai sa a firji. A firji. Sannan ya tambaya ko tana hawa matakalar nan da ƙafar. Na ce ba ta sauka ko'ina. Ya ce to madalla, ya sake cewa madalla, ya kashe.

Mama ba ta ƙara tayar da maganar ba. Ta fi ni iya wannan. Rediyo kawai take ƙara wa murya idan na shigo.

Idan ta tafi zan samu ɗakin karatuna.

Asabar, 25 ga Oktoba

A mota nake rubuta wannan, a ƙofar gidana, kamar wadda aka kora.

Da hantsi na je. Na same shi ya jera kwanukansa uku zai fara. Na zare wayar injin daga bango na naɗe. Ya ce lafiya? Na ce, "Baba, murfin ne. Tururi ne yake jiƙa su a hanya. Babu abin da ya samu albasarka."

Ya dubi kular. Ya daɗe. Na ga lissafin yana shiga, ɗaya bayan ɗaya, har tawul ɗin. Ya tambaye ni tun yaushe na sani. Na ce tun ranar farko.

Na shirya wa faɗa, har na tanadi amsoshi. Bai yi ba. Ya buɗe littafin ya nemo shafin ranar Asabar, inda ya ja layi biyu a ƙarƙashin maganata, ya dube shi, ya rufe. Ya ce to yanzu yaya za a yi, tunda ba a rufewa kuma ba a kai wa mutum abinci a huce. Na ce ya sa takalmi.

Bai yarda a sa injin a but ɗin mota ba. A cinya ya riƙe shi har muka iso, albasa da ƙwai a leda tsakanin ƙafafunsa. A matakala ya huta sau biyu, ya ce yana duba ginin ne, aikin bai yi kyau ba.

Mama tana falo da sabon ɗankwali. Ban gaya mata zan kawo shi ba, kuma za ta rantse ba sabo ba ne. Ya ce ya jiki. Ta ce da sauƙi. Mako goma, abin da suka samu ke nan. Ya wuce kicin.

Bai san inda komai yake ba, tunda ni ma ban sani ba yanzu. Yana buɗe durowa yana rufewa. Ta jure minti biyar. Daga nan ta fara ba da umarni daga kan kujera, ba shi take yi wa magana ba, bango take gaya wa: wuƙa tana hagu, wanda ke neman fulawa ya duba sama, a rage wa ƙwai gishiri. Shi kuma yana amsa wa bangon da to.

Kusan awa ɗaya. Sai ga shi ya fito da faranti a hannu biyu, a buɗe, yana tafiya a hankali kamar zai zube. Ya ajiye a gabanta. Ya rasa inda zai sa hannuwansa, ya mayar da su baya, ya tsaya.

Ta ɗauki ɗaya ta ciza. Daga bakin ƙofa na ji ƙarar.

Ta tauna, ta haɗiye, ta ɗauki na biyu. Ta ce gishiri ya yi kaɗan. Na buɗe baki zan ce ita ta ce a rage, sai na ga ya riga ya juya ya koma kicin ɗauko gishiri. Da ƙafarsa. Ta bi bayansa da kallo. Sannan ta ɗaga murya ta ce kada ya taɓa kwandon da soson ƙarfen nan nawa, zai kankare shi, a bari sai an je gida a wanke.

Sai an je gida.

Na ce ina da taro a jami'a. Ranar Asabar. Babu wanda ya tambaye ni wane taro. Ina neman makulli ya fito da gishirin a hannu ɗaya, a ɗayan kuma zobe guda a kan 'yar takarda, ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba. Wanda ya karkace ne, mai kauri a gefe ɗaya, irin waɗanda yake zubarwa. Ya ce, "Ci yanzu, Auta. Ba ya jira."

Gishiri bai yi kaɗan ba. Ban faɗa ba, bakina a cike yake. Na ɗauki jakata, na jawo musu ƙofa a hankali har ta rufe, na sauka.